Ƙwayar gina jiki: Ƙarfin aro da hanta da zuciya ke biyan bashinsa

Da sanyin safiya, ko bayan La'asar idan rana ta yi sauƙi, duk wanda ya zaga unguwannin Sakkwato irin su Mabera, Arkilla, Gawon Nama ko Runjin Sambo zai iya cin karo da matasa suna ɗaga ƙarfe. Wasu a gidajen motsa jiki na zamani da ake biyan kuɗin wata, wasu kuma a kango, inda aka cika gwangwanaye biyu da siminti aka soka musu bututun ƙarfe a tsakiya. Wasu kuwa gudu suke yi a kewayen filin wasa na Giginya. Wannan abin a yaba ne. Matashin da ya ƙarar da yammacinsa yana zufa a kan benci ya fi wanda ya ƙarar da shi a majalisar shaye-shaye.

Matsalar tana farawa ne ranar da haƙuri ya ƙare. Yaro ya yi wata huɗu yana ɗagawa, ya dubi madubi bai ga irin ƙirjin da yake gani a TikTok ba. Sai wani da ya riga shi shiga harkar ya ja shi gefe, ya nuna masa 'yar kwalba ko katin ƙwayoyi, ya ce ai ga sirrin. Sunayen da ke yawo a wannan harka su ne Dianabol, Anapolon, Anavar da Winstrol. Ba sai an je nesa ba, masu tallarsu suna nan a Instagram da WhatsApp, kuma kayan da aka saya a Legas ko Kano kwana ɗaya ko biyu ne su iso tashar mota.

Waɗannan ƙwayoyi su ake kira sitiroyid masu gina tsoka. Ba sa sa maye, ba sa sa tangaɗi, mai shan su ma ya fi kowa kama da mai lafiya. Shi ya sa iyaye ba sa zargin komai, hukuma ma hankalinta na kan tiramadol da kodin. Amma ƙarfin da suke bayarwa bashi ne, kuma hanta da zuciya da haihuwa ne ke biya, wani lokaci tun mutum bai kai shekara talatin ba.

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa

Ƙwayoyin suna aiki. Duk mai wa'azin da ya ce wa matashi ba sa ƙara tsoka ya yi asarar sauraronsa, domin yaron ya ga abokinsa ya cika cikin makonni shida. Likitocin Turai da Amurka sun yi wannan kuskure shekaru da dama, suna musun abin da 'yan wasa ke gani da idonsu. Sai a 1996 wani bincike da Dokta Shalender Bhasin ya jagoranta a Amurka ya tabbatar da cewa mazan da aka yi wa allurar sinadarin testosteron mai yawa na makonni goma sun ƙara tsoka, har da waɗanda ba su motsa jiki ba.

Testosteron shi ne sinadarin da maraina ke samarwa, wanda ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya faɗaɗa masa kafaɗa. A 1935 masana a Turai suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin da ake magana a kansu duk kwaikwayonsa ne da aka yi wa gyare-gyare.

Dianabol ta shiga kasuwar Amurka a 1958 daga kamfanin CIBA na ƙasar Suwizalan. Wanda ya shigar da ita cikin masu ɗaga ƙarfe likitan tawagar Amurka ne, Dokta John Ziegler, wanda ya gano a gasar duniya ta 1954 a birnin Biyana cewa 'yan wasan Tarayyar Sobiyet na amfani da testosteron. Daga baya shi da kansa ya yi nadama, bayan ya ga 'yan wasa suna ninninka adadin da ya ba su. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina sayar da Dianabol a matsayin magani a Amurka, a 1990 kuma ƙasar ta sanya irin waɗannan ƙwayoyi cikin jerin magungunan da doka ta tsaurara wa tsaro.

Wasu daga cikinsu magunguna ne na gaske. Likitoci kan ba da sinadarin da ke cikin Anapolon ga masu wani nau'in ƙarancin jini mai tsanani, tare da gwajin hanta a kai a kai. Bambancin shi ne, likita yana auna cuta da haɗarin magani ne kafin ya rubuta. Mai lafiyar da ya saya daga hannun abokin motsa jiki ya ɗauki haɗarin kawai, babu cutar da yake warkarwa.

Me ya sa ta haɗiya ta fi taɓa hanta?

Matasa da yawa suna ganin allura ce mai haɗari, ƙwaya kuwa kamar fanadol take. Ta fuskar hanta, lamarin akasin haka ne.

Duk abin da mutum ya haɗiya, daga hanji hanta yake fara zuwa kafin ya bazu cikin jiki. Idan testosteron na asali ne, hanta kan narkar da kusan dukkansa nan take. Don haka masu haɗa waɗannan ƙwayoyi suka sauya ƙirar sinadarin ta yadda zai gagari hanta ya wuce. Wannan sauyi shi ne ya sa ƙwayar ke aiki ta baki, kuma shi ne dai ya sa take wahalar da hanta kullum aka sha.

Illa ta farko da aka fi gani ita ce toshewar ruwan maɗaciya a cikin hanta. Yawanci tana bayyana cikin wata ɗaya zuwa huɗu da fara sha. Mutum zai fara jin kasala da rashin son abinci, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi ɗorawa, sannan ga ƙaiƙayin jiki mai hana barci, wanda kan ɗauki watanni ko bayan an daina shan ƙwayar.

A nan ne al'ada ke ƙara dagula lamarin. Da an ga ido ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, kuma an daɗe ana cewa shawara ba ta son asibiti. Sai a shiga jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙi, ana ɗora wa hantar da ta riga ta jikkata wani sabon aiki. Yaron kuma ba zai faɗi abin da yake haɗiya ba, don kunya ko tsoron faɗa. Kafin a kai shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an ɓata makonni.

Wanda ya daɗe yana sha kuma yana fuskantar abin da ya fi wannan. Akwai cutar da ke sa hanta ta yi ramuka cike da jini, waɗanda za su iya fashewa jini ya zuba a ciki ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Akwai ƙari da ke tsirowa a hanta, wanda wani kan rikiɗe ya zama daji. Ko Anavar da ake yi wa kirari da cewa ita ce mai sauƙi, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da maganin da ke ɗauke da sinadarinta a 2023.

Ga kuma abin da ya shafi Najeriya kai tsaye. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ma'ana, cikin matasa goma sha biyu da ke layin jiran benci, ana iya samun ɗaya da hantarsa ke fama da wata cuta a ɓoye. Umarnin shan ƙwayar da ya kwafo daga wani Bature a YouTube bai yi lissafin wannan ba.

Zuciyar tsoho a ƙirjin saurayi

Ciwon hanta yana nuna kansa a ido. Na zuciya kuwa shiru yake yi har sai ya gama ɓarna.

Akwai kitse iri biyu da ke yawo a jini. Ɗaya yana taruwa a bangon jijiyoyi yana toshe su, ɗayan kuma yana kwashe shi. Ƙwayoyin da ake haɗiya suna rage mai kwashewar, suna ƙara mai toshewar. A wani bincike da aka buga a 1989, an bai wa masu ɗaga ƙarfe sinadarin Winstrol na makonni shida kacal. Kitse mai amfanin ya ragu da kashi 33 cikin 100, mai cutarwar ya ƙaru da kashi 29. Winstrol ɗin nan ita ce aka samu a fitsarin Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, aka ƙwace zinaren da ya ci a tseren mita 100.

Dianabol da Anapolon kuma suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Wani ɓangare na cikar da yaro ke murna da ita a makonnin farko ruwa ne, kuma ruwan nan shi ke tayar da hawan jini. Ita ma zuciya tsoka ce, tana kauri kamar yadda damtse ke yi, sai dai kaurin zuciya rauni ne. Wani bincike da likitocin birnin Boston suka wallafa a 2017 ya gano cewa zuciyar masu ɗaga ƙarfen da suka daɗe suna amfani da sitiroyid ba ta harba jini da ƙarfi kamar ta takwarorinsu da ba sa sha, kuma jijiyoyin zuciyarsu sun fi toshewa gwargwadon shekarun da suka yi suna sha.

A ƙasar Denmak an bi diddigin maza 545 da aka kama da sitiroyid a gidajen motsa jiki, aka kwatanta su da sa'o'insu. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran sau uku. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke isowa cikin mintuna ke nan.

Sai a haɗa da zafin Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Mai ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano yana zubar da ruwan jikinsa, ga jininsa ya yi kauri domin ƙwayar na ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, ga hawan jini. Idan ya ƙara da maganin ciwon jiki irin su diklofenak don ya iya ci gaba da ɗagawa, ƙoda ce ke shan wahala. Duk gidan da ya taɓa kai mara lafiya wankin ƙoda ya san cewa ko mai albashi mai tsoka ba ya jure kuɗinsa na wata uku.

Mazantakar da ake nema ita ke fara tafiya

Hausawa na cewa garin neman ƙiba an samo rama. Babu inda karin maganar nan ta fi dacewa kamar a nan.

Ƙwaƙwalwa ce ke lura da yawan testosteron a jini. Idan ta ga ya yi yawa saboda wanda ake haɗiya, sai ta daina aika wa maraina umarnin su yi nasu. Maraina su daina aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ƙare gaba ɗaya. Wannan tasiri yana da ƙarfin da har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna cewa cikin wata shida, mafi yawan mazan ba a samu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu ba.

Idan aka daina sha, jiki kan ɗauki watanni kafin ya farfaɗo, wani ya haura shekara, wani kuma ba ya komawa yadda yake. A tsawon wannan lokaci babu na aro, babu na gida. Sha'awa ta ɗauke, gaba ya yi rauni, jiki ya mutu, tsokar da aka tara ta fara zubewa.

A yi tunanin wanda ya sha ƙwayar don ya cika riga kafin ranar ɗaurin aurensa. Shekara ta zagayo babu ciki, shekara biyu shiru. Sanin kowa ne wa ake fara kallo a irin wannan gida. Amaryar ce za a yi ta kai wa asibiti da wurin masu magani, ita za ta sha gori daga dangin miji, wataƙila ma a fara zancen ƙaro mata abokiyar zama. Shi kuwa angon, da faffaɗan ƙirjinsa, babu wanda zai kawo shi a rai. Wannan zalunci ne da 'yar ƙwaya ke jawowa a kan wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Bayan haka, jiki kan juya wani ɓangare na Dianabol ya zama sinadarin mata. Sakamakon shi ne nono ya fito wa namiji, da ciwo da tauri a ƙarƙashin kan nonon. Idan ya daɗe ya zauna, motsa jiki ba ya kawar da shi, sai tiyata. Ga manyan ƙuraje a baya da kafaɗa, ga sanƙo da wuri ga wanda ya gaje shi.

Hali, yara da mata

Ba kowane mai sha ne halinsa ke sauyawa ba, amma likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa wasu kan zama masu saurin fushi da neman faɗa, ga rashin barci. Lokaci mafi haɗari shi ne bayan dainawa, inda ciwon damuwa kan rufe mutum, wani har ya fara tunanin halaka kansa. Gudun wannan yanayi, da kuma baƙin cikin ganin jiki na zubewa, shi ke mayar da mutane ga ƙwayar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan mutum uku cikin goma na masu amfani da sitiroyid sukan kai matsayin da ba sa iya rabuwa da ita. Abin da ba ya sa maye ma yana iya kama mutum.

Yaron da bai gama girma ba yana da nasa haɗarin na daban. Ƙwayar na rufe bakin ƙashin da ke ƙara tsawo, don haka ɗan shekara 15 da ya sha yana iya tsayawa a tsawon da yake har abada. Tsoka kuma tana girma fiye da saurin jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi, shi ya sa tsinkewar jijiya ta yawaita a tsakanin masu sha.

Mace kuwa, muryarta kan yi kauri, gashi ya fito mata a fuska, al'ada ta rikice, kuma muryar ba ta cika dawowa ba. Jamus ta Gabas ta gwada wannan a kan dubban 'yan wasanta, har da 'yan mata ƙanana da ake bai wa wata ƙwaya mai suna Oral-Turinabol ana ce musu bitamin ce. A shekarar 2000 wata kotu a Balin ta samu tsohon shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifin cutar da 'yan wasa. Idan shirin da gwamnati da likitoci suka kula da shi ya bar mutane da ciwon da suke jinya har yau, ina ga wanda abokin benci ne likitansa?

Yana da kyau a bambanta waɗannan da ƙwayoyin da aka fi sani da sha ka fashe, waɗanda wasu mata da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Galibinsu deksametason ne ko maganin buɗe ciki. Deksametason shi ma sitiroyid ne, amma na wani gida daban. Ba ya gina tsoka, cinye ta ma yake yi, yana kumbura fuska da ciki, yana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Matashin da ya shiga kemis ya ce a ba shi maganin ƙara jiki yana iya fitowa da wannan, yana zaton ya sayi ƙarfi.

Ko kwalbar ma ba abin yarda ba ce

Tunda manyan kamfanoni sun daina yin yawancin waɗannan ƙwayoyi, abin da ke yawo a kasuwar bayan fage daga ɗakunan haɗa magani na ɓoye yake fitowa. Wani nazari da masana a Suwizalan suka fitar a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama, ya gano cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan kaya jabu ne. Wata kwalbar babu sinadarin da aka rubuta a jikinta, wata kuma wani sinadari ne daban a ciki. Mai cewa ya san adadin da yake sha, bai ma san abin da yake sha ba.

Wa ke da alhakin tsayar da abin?

Za a iya cewa Sakkwato na da matsalolin da suka fi wannan. Ga 'yan bindiga a gabashin jihar, ga tamowa a tsakanin yara, ga tiramadol. Gaskiya ne. Amma kodin ma an daɗe ana kallonsa a matsayin ƙaramin abu, har sai da rahoton BBC na 2018 ya tilasta wa gwamnatin tarayya hana shigowa da haɗa maganin tari mai ɗauke da shi. A lokacin ya riga ya shiga ɗakunan matan aure. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ake buƙata a yanzu ba ya cin kuɗi mai yawa.

Hukumar NAFDAC da Majalisar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Najeriya su ke da hurumin bin shagunan magani. Ƙaramin kemis ba shi da izinin sayar da maganin da sai da takardar likita. An ga abin da hukuma za ta iya yi idan ta ga dama, lokacin da aka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro a 2024, da lokacin da NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota a 2025. Ya kamata samamen da ake kaiwa a Sakkwato ya haɗa da waɗannan ƙwayoyi, da garin ƙarin kuzarin da ba shi da rajista, da masu talla a intanet. Mai sayarwa ne abin kamawa. Yaron da ya sha, asibiti ya fi dacewa da shi.

Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha tana iya yi wa gidajen motsa jiki rajista, ta shar'anta cewa duk mai horarwar da aka samu yana sayar da ƙwaya za a rufe wurinsa. Manyan makarantu irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna iya sanya batun cikin bitar sababbin ɗalibai. Likita ko ma'aikacin jinya da ya ga saurayi mai ƙirar ƙarfi da shawara, ko hawan jini, ko matsalar haihuwa, ya tambaye shi kai tsaye, a keɓe, ba tare da tsawa ba. Limamai da ke huɗuba a kan shaye-shaye su tuna cewa jiki amana ne, kuma ba abin da ke sa maye kaɗai ke cin wannan amana ba.

Iyaye kuma su sa ido. Yaron da ya cika farat ɗaya cikin wata biyu, fuskarsa ta kumbura, ƙuraje suka cika masa baya, ya zama mai saurin hasala, yana buƙatar a zauna da shi. Hana shi motsa jiki ba mafita ba ce. A tambaye shi me yake sha, a kai shi gwaji.

Dole kuma a dubi abin da ke tura su. Wani yana neman aikin tsaron ƙofa a wurin biki, ko rakiyar ɗan siyasa, inda girman jiki shi ne takardar shaida. Wani soja ko ɗan sanda yake son shiga, bai san cewa hawan jinin da ƙwayar ta jawo zai iya kayar da shi a gwajin lafiya ba. Wani kuwa raini ya gaji da shi. Matashin da ba shi da aiki, jikinsa ne kaɗai abin da yake da iko a kansa, kuma masu sayar da ƙwayar sun san haka.

Ga wanda ya riga ya fara

Ƙofa ba ta rufe ba. Yawancin illar hanta da ta kitsen jini tana sauƙi idan aka daina da wuri. Abin yi shi ne a je asibiti da kwalbar a hannu, a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha da tsawon lokacin. A nemi gwajin hanta da ƙoda, da na ciwon hanta nau'in B, da awon jini da na kitsen jini. Kada a sayi wasu ƙwayoyin da ake cewa suna wanke hanta ko dawo da ƙarfin namiji daga hannun wanda ya sayar da ta farko.

Idan ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko aka ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida. Wanda kuma damuwa ta rufe shi bayan dainawa, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Shi kuwa mai son jiki na gaske, hanyar a buɗe take, sai dai tana da tsawo. Masana sun nuna cewa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 110 ko sama da haka kaɗan. Wake, awara, ƙwai, nono, kifi, nama da ƙuli-ƙuli mai kyau duk suna kasuwa, kuma kuɗin kwalba ɗaya ta ƙwaya zai sayi kiret ɗin ƙwai fiye da ɗaya. Sai barci isasshe, da ruwa, da shekara biyu ko uku na naci.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwar ƙarfi ba ce. Ta yi 'yan kokawa da 'yan dambe tun kafin a san wani abu wai shi Dianabol, kuma Shagon da Ɗan Anace ya waƙe ya yi sunansa ne da horo. Kayan aro ba ya rufe katara. Saurayin da ke tsaye gaban madubi yau, nan da shekara ashirin zai so ya ga 'ya'yansa, ya kuma iya ɗaukarsu da ƙarfinsa. Allah Ya sa a gane tun da sauran lokaci.